Me ya sa Singafo ta mayar da tsohuwar Babbar Kotunta gidan zane-zane?

"Ranka ya daɗe Barista, ni ɗalibin lauya ne, ina aji uku. Yayana da ke zuwa saro kaya Singafo ya turo mini hoton wani katafaren gini mai koriyar ƙubba, ya ce a da Babbar Kotun ƙasar ce, yanzu kuwa zane-zane aka rataye a ciki, mutane na shiga kallo. Abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya ƙasa za ta bar kotunta ta koma wurin yawon buɗe ido? Ita kotun ina ta koma, kuma mene ne aikinta a ƙasar da ba ta kai wata ƙaramar hukumar tamu faɗi ba?"

Ƙanena, yayanka ya faɗa maka gaskiya, sai dai rabin labarin ya ɗauko maka. Da ya zaga bayan ginin da ya ɗauki hotonsa, da ya ga wani na gilashi, da wani abu kamar faifai a bisa kansa. Nan kotun ta koma tun 2005, taku kaɗan ne tsakaninsu. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: tarihin tsohon ginin da dalilin barinsa, sai kuma matsayin Babbar Kotu a ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 700 da 'yan kai ba, ga mutum wajen miliyan 6 a cunkushe.

Bari in fara warware maka sunan, don shi ke rikita ɗalibanmu. A nan gida mun saba da hawa uku a wurare dabam-dabam: Babbar Kotun jiha ko ta tarayya, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai Kotun Ƙoli a Abuja. A Singafo abin da suke kira Kotun Ƙoli rumfa ce guda da ta lulluɓe kotu biyu, wato Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara, duk a gini ɗaya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ita ce ƙarshen tika-tika, daga ita babu gaba. Saboda haka in ka ji an ce ginin Kotun Ƙoli, ko an ce ginin Babbar Kotu, wuri ɗaya ake nufi.

Kafin a gina shi

Turawan Ingila sun kafa sansanin ciniki a tsibirin a 1819. A 1826 aka fito da takardar sarauta da ta kafa kotu guda ga Penang da Malaka, da ke Malesiya ta yau, da Singafo, kuma ta nan dokar Ingila ta shigo, irin wadda kake haddacewa a aji yanzu. Shekara da shekaru kotun ba ta da gidan kanta na kirki. Wani gida da aka gina wa wani ɗan kasuwa a 1827 gwamnati ta karɓa haya ta sa kotu a ciki, daga baya ta saye shi. Wannan gidan shi ya zama majalisar dokokin ƙasar bayan kotu ta tashi daga cikinsa, kuma ginin yana nan har yau, ko da yake majalisar ma ta tashi.

Wanda ka gani a hoto an ɗora shi ne a filin wani babban otel da aka rushe, yana fuskantar dandalin da suke kira Padang. Gwamna Sir Shenton Thomas ya aza harsashinsa ranar 1 ga Afrilu 1937, ya buɗe shi ranar 3 ga Agusta 1939, kusan wata guda kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a Turai. Frank Dorrington Ward, babban mai zanen gine-gine na ma'aikatar ayyuka, shi ya zana shi. Ƙubbar an kwaikwayo ta ne daga ta cocin St Paul da ke Landan. Ginshiƙai da sassaƙen da ke goshin ginin aikin Italiyawa ne, ciki har da Rodolfo Nolli. In ka ƙura wa sassaƙen ido za ka ga matar nan da Turawa ke yi wa alamar adalci riƙe da ma'auni da takobi, amma ita wannan ba a rufe mata ido ba, saɓanin yadda aka saba zana ta. A ƙarƙashin dutsen harsashin an binne jaridun ranar 31 ga Maris 1937 da 'yan tsabar kuɗi, da sharaɗin kada a tono sai shekara ta 3000. Mutanen da suka yi wannan lissafi ba su cika shekara uku a sabon gininsu ba aka kore su.

Wani abu da zai ba ka dariya: daga nesa sai ka rantse da dutse aka yi shi, alhali galibin fuskarsa shafe ne na siminti da aka gauraya da tsakuwa, aka goge shi ya yi kamar dutse. Lokacin duniya ba ta gama farfaɗowa daga karayar arzikin shekarun 1930 ba, kuɗi sun yi ƙaranci. Kwarjini dai aka nema, aka kuma samu cikin araha. Duk wanda ya tsaya a gindin matattakalar nan ya ɗaga kai zai gane saƙon da mai mulkin mallaka ke aika wa talakan Malay da ɗan Sin da ɗan Indiya: hukuma tana sama, kai kana ƙasa.

Abin da na gani da idona

Na taɓa shiga ginin bayan ya zama gidan zane-zane, na bar abokan tafiyata suna kallon hotuna na bi ta inda aka ce ɗakunan tsare waɗanda ake tuhuma suke. Guda goma sha biyu ne a da, an bar biyu don tarihi. Ɗaki ne ɗan tsukuku, da dakalin zama, da masai na tsuguno. Abin da ake ja ruwa ya sauko ba ya cikin ɗakin, yana waje, gandiroba ke ja, don kada wanda aka tsare ya samu abin da zai cutar da kansa. Daga nan wani siririn lungu ne ke kai mutum ga matattakala, ya hau, sai kawai ya ɓullo ta ƙasan akwatin da wanda ake tuhuma ke tsayawa a tsakiyar kotu. Bai haɗu da shaida ba, bai haɗu da dangin wanda aka kashe ba, bai gifta alƙali a hanya ba.

Na daɗe a tsaye a wurin, domin na tuna wata shari'ar kisa da na taɓa yi a wata kotu a nan gida, ba sai na ambaci suna ba. Motar gidan yari ta sauke wanda nake karewa a farfajiya, aka zaunar da shi a benci ɗaya da shaidar mai gabatar da ƙara, wata dattijuwa, suna jiran alƙali ya shigo. Awa biyu suna kallon juna, 'yan'uwansa sun kewaye su. Da aka kira ta ta hau akwati, sai ta ce ita ba ta ga komai ba. A matsayina na lauyansa abin ya yi mini daɗi a ranar, amma na san ba shari'a aka yi ba. Wannan shi ne babban aikin ginin kotu a wurina, ya fi ƙubba da ginshiƙi: ya raba hanyar alƙali da ta fursuna da ta jama'a, ya ba shaida wurin da zai zauna ba a zare masa ido ba, ya ba fayil ɗakin da gara da ruwan sama ba za su ci shi ba. Turawan da suka zana wancan gini a 1937 sun san wannan sarai.

Shari'u biyu da bangon ya shaida

Japan ta ƙwace Singafo ranar 15 ga Fabrairu 1942, ta ci gaba da zaman kotu da sunan sarkinta. Da yaƙi ya ƙare, a ginin majalisar birni da ke maƙwabtaka da kotun Japanawa suka sa hannu kan miƙa wuya a gaban kwamandan sojan Ingila Lord Mountbatten ranar 12 ga Satumba 1945. A 1946 kuma aka gurfanar da jami'ansu a wannan kotu kan laifukan yaƙi. Fitacciya a ciki ita ce shari'ar 'yan sandan sojan Japan su 21 da suka kama fararen hula suka azabtar da su bayan samamen 10 ga Oktoba 1943. Takwas daga cikinsu aka yanke wa hukuncin kisa.

Amma shari'ar da nake so ka nema ka karanta ita ce ta Maria Hertogh, wadda Musulmin yankin suka sani da Nadra. 'Yar Turawan Holand ce mabiya Katolika, an haife ta a tsibirin Jawa, a Indonesiya ta yau, a 1937. A cikin ruɗanin yaƙi ta koma hannun wata Bamalayiya Musulma, Aminah, ta tashi a wurinta tana salla, tana jin Malay, ta ɗauke ta uwa. Bayan yaƙi iyayen da suka haife ta suka gano inda take suka nemi a mayar musu da 'yarsu. Aminah ta ce ba ta aka yi riƙo na har abada, uwar ta ce aro ne na 'yan kwanaki. Ana cikin ja-in-ja aka ɗaura wa yarinyar aure da wani malamin makaranta Musulmi, tana da shekara 13. A farkon Disamba 1950 Babbar Kotu ta ce auren bai inganta ba, domin dokar ƙasar mahaifinta ce ke binta, kuma riƙo na iyayen da suka haife ta ne. Aka ajiye ta a gidan 'yan zuhudun Katolika kafin a tafi da ita, jaridu suka riƙa buga hotunanta a can. Ranar 11 ga Disamba aka saurari roƙon Aminah, cikin 'yan mintoci aka yi watsi da shi. Taron da ke jira a Padang, a gaban wannan matattakala da ka gani a hoto, ya fusata. Kwana uku ana tarzoma, mutum 18 suka mutu, 173 suka jikkata.

Lauyoyi na iya yin gardama har gobe kan ko alƙalin ya bi doka daidai. Ni abin da na ɗauka shi ne, kotu tana iya bin ƙa'idarta tsaf amma jama'ar da ke waje su ga ba a saurare su ba, kuma kwarjinin gini ba ya maganin wannan, sai ma ya ƙara wa wuta fetur. A 1957 aka yi dokar harkokin Musulmi, a 1958 aka buɗe Kotun Shari'ar Musulunci. Yau Musulmi, waɗanda suke wajen kashi 15 cikin 100 na mazauna ƙasar, can suke kai maganar saki da takardar rabon gado, a ƙarƙashin dokar 1966. Wanda bai gamsu ba yana ɗaukaka ƙara ne zuwa wani kwamiti na musamman da ke da alaƙa da majalisar addinin Musulunci ta ƙasar, ba zuwa Babbar Kotu ba. Ka ga kama da tsarinmu na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ka kuma ga bambanci, tunda namu yana iya zarcewa har Kotun Ƙoli.

Aikin kotun a yau

Singafo ta shiga tarayyar Malesiya a 1963, ta fita ta zama ƙasa mai cin gashin kanta ranar 9 ga Agusta 1965. Wee Chong Jin, ɗan Asiya na farko da ya zama Alƙalin Alƙalai, ya riƙe kujerar daga 1963 zuwa 1990. A 1969 aka soke tsarin juri gaba ɗaya, wato talakawan da ake zaɓowa su taya alƙali tantance mai laifi. Amma cibiyar ba ta yanke da Landan da wuri ba: har 1994 ana iya kai wasu ƙararraki gaban alƙalan Majalisar Sarauniya, abin da mu muka daina tun 1963 da muka zama jamhuriya.

Yawancin shari'un yau da kullum ba sa zuwa Babbar Kotu. Kotunan majistare da na gunduma ke cinye su, a wani gini dabam. Babbar Kotu tana karɓar ƙarar kuɗi da ta haura dalar Singafo 250,000, da rushe kamfani, da rigingimun jiragen ruwa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ke da ɗaya daga cikin tashoshin ruwa mafi hada-hada a duniya. Ita ke duba ko hukuma ta wuce gona da iri, ita ke jin ƙarar da aka ɗaukako daga ƙananan kotuna, ita ke rantsar da sababbin lauyoyi. Tun 2021 an raba ta sashe biyu, na sauraron farko da na ɗaukaka ƙara, don a rage wa kotun ƙarshe nauyi. A 2015 kuma aka buɗe wani reshe a cikinta na shari'un kasuwancin ƙasa da ƙasa, inda alƙalai daga wasu ƙasashe ke zama tare da na gida. A nan amsar tambayarka ta ƙarshe take. Ƙasar da ba ta da man fetur, ba ta da gona, har wani kaso na ruwan shanta daga Malesiya take saye, amana take sayarwa. Kamfanin Indiya da na Koriya sai su rubuta a yarjejeniyarsu cewa in rigima ta taso a Singafo za a warware. Kotun tana cikin jarin ƙasar.

Duk laifin da hukuncinsa kisa ne a Babbar Kotu ake shari'arsa, kuma ka ja wa yayanka kunne a kan wannan: kada ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi. Safarar ƙwayar heroin da ta haura giram 15, ko tabar wiwi da ta haura giram 500, tana iya kai mutum ga rataya. Wani matashi ɗan Nijeriya mai neman ƙungiyar ƙwallo, Iwuchukwu Amara Tochi, an kama shi a filin jirgin Changi a 2004, ya ce shi maganin gargajiya aka ce masa ya kai. An rataye shi a Janairun 2007, duk da roƙon da Shugaba Obasanjo ya aika.

To me ya sa aka bar tsohon ginin?

Ya yi kaɗan, shi ke nan. An tsara shi da 'yan ɗakunan shari'a da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, don garin da mutanensa ba su kai miliyan ɗaya ba. Aka yi ta ƙare-ƙare, a ƙarshen shekarun 1980 har aka mamaye ginin majalisar birni na kusa aka mayar da ɗakunansa kotuna. Tun 1992 an sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa, don haka ba damar rushewa ko ɗora masa benaye. Zaɓi ya rage: ko a ci gaba da cusa kwamfuta da na'urar sanyaya ɗaki a ginin da ba don su aka yi shi ba, ko a yi sabo. Aka ba kamfanin Norman Foster na Ingila ya zana sabon, aka fara aiki a cikinsa a tsakiyar 2005, Shugaba S. R. Nathan ya buɗe shi a Janairun 2006. Faifan da ke samansa nan Kotun Ɗaukaka Ƙara take zama, an yi shi ne ya amsa wa tsohuwar ƙubbar. Tsofaffin gine-ginen biyu kuwa aka haɗe su da rufin gilashi da ƙarfe, aka buɗe su a matsayin gidan zane-zane na ƙasa a Nuwamban 2015. Ni ban ga wulaƙanci a nan ba. Jikan wanda aka taɓa hawo da shi ta wancan lungu yau yana shiga ta babbar ƙofa da 'ya'yansa.

Sai dai kada ka ɗauka sabon gini ne ya gyara musu shari'a. Wannan kuskuren gwamnoninmu ke yi, a kashe biliyoyi a kan harabar kotu, a yanka kirtani, a bar rajista yadda take. Lokacin da Yong Pung How ya zama Alƙalin Alƙalai a 1990, ya tarar da ƙararraki sama da 2,000 jibge a Babbar Kotu, ana jiran shekaru kafin a samu ranar zama. Lauya ne, amma ya daɗe yana shugabancin banki, da idon ɗan banki ya dubi lamarin. Ya sa ana kiran lauyoyi zaman share fage kafin shari'a, a tsayar da abin da ake jayayya a kai da kwanakin da za a ci. Ya tsaurara ɗage zama. Aka sa kuɗin zama ga shari'ar da ta ja kwanaki, don mai jan ƙafa ya ji a aljihunsa. Ƙarar da aka yi shekara ba a motsa ta ba sai a ɗauka an janye ta. Aka ƙaro alƙalai na wucin gadi, aka ɗauko haziƙan matasa suna taya alƙalai bincike. A farkon shekarun 1990 ya ce a ajiye hular gashin nan da mu har yau muke gumi a cikinta a zafin Afrilu. Cikin 'yan shekaru tarin ya narke. Shigar da ƙara ta kwamfuta ya fara a 1997, ya zama dole a 2000. Duk wannan a tsohon gini mai ƙubba aka yi shi, kafin a tare a sabon.

Lauyoyi da yawa ba su ji daɗinsa ba, suna ganin ya cika tsanani, kuma akwai gaskiya a kukansu: gaggawa tana iya danne mai ƙaramin ƙarfi da bai samu lauya da wuri ba. Amma ni da na taɓa bin fayil ɗaya wata bakwai ana ce mini magatakarda ya tafi da makulli, na san wanda jinkiri ke kashewa.

Akwai kuma ɓangaren da masu yabon Singafo ba sa son a taɓo. Ana yaba kotunan kan tsafta da sauri a shari'ar kasuwanci, amma an daɗe ana sukar su kan shari'un da suka haɗa gwamnati da 'yan adawa. J. B. Jeyaretnam, lauya kuma ɗan adawa na farko da ya ci kujerar majalisa bayan samun 'yanci, a zaɓen cike gurbi na 1981, an same shi da laifi a 1986 kan asusun jam'iyyarsa, ya rasa kujerarsa da lasisinsa. Da ya kai maganar lasisin Landan, alƙalan can suka mayar masa da shi a 1988, suka ce an yi masa mummunan rashin adalci. Shekara ta gaba aka taƙaita hanyar zuwa Landan. Diyyar ƙararrakin ɓata suna kuma ta kai shi ga karayar arziki a 2001. Gwamnati na cewa doka ce ta yi aikinta, kuma shugaba yana da haƙƙin kare mutuncinsa kamar kowa. Ka karanta hukunce-hukuncen da kanka kafin ka ɗauki ɓangare.

Ni lauyan gida ne, ban taɓa tsayawa gaban alƙalin Singafo ba, baƙo ne na shiga na fito. Abin da na gaya maka kan tarihi da tsari ka riƙe shi, amma in yayanka ya samu matsala da wani dila a can, lauyan can zai nema, kuma ya fara duba takardar cinikinsu ya ga wace kotu ko wane zauren sulhu aka rubuta. Kai kuma in kana neman abin da za ka rubuta kundin kammala karatunka a kai, je rajistar Babbar Kotun jiharku, ka roƙi izini ka ɗauki fayil hamsin da aka rufe, ka ƙirga sau nawa aka ɗage kowanne da dalilin da aka rubuta, sannan ka ɗora ƙa'idojin Yong Pung How a kai ka ga nawa ne za su kai labari.